Ƙaramin Yatsan Lawali Wanzami

Duk ɗan da aka haifa a gidan su Hajiya Kaltuma da ke cikin Birni, tun daga kan mijinta marigayi har jikokinta na fari, aska guda ce ta sauke masa gashin haihuwa. Aska ce mai ƙotar ƙahon rago, ta sha washi har ta sirance kamar ganyen albasa. Ta Idirisu Wanzami ce, shi ma gadonta ya yi, da ya kwanta dama ta faɗa zabirar ɗansa Lawali na Zango. A Damagaram kuwa wanzami gidaje yake gada kamar yadda ake gadon gona. Ba a yi maka haihuwa ka tafi kasuwa neman mai aski. Wanda ubansa ya aske ubanka shi ake aika wa goro.

Lawali ya gaji hannu, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Abin da bai gada ba shi ne giya, ita da ƙafarsa ya je ya samo. Wasu sun ce Suma'ila ne ya koya masa, wani tsohon direban babbar mota da ke yini a wata buwet, wato gidan giya, bayan tasha. Wasu suka ce tun rasuwar tsohonsa ne zuciyarsa ta karye. Matarsa Lami, da ta fi kowa sani, ta ce ba wanda ya matse masa hanci ya ɗura masa. Da fari kwalba ɗaya ce bayan la'asar. Daga baya aka koma 'yan ledojin nan masu zafi da ake tusawa a aljihu, har ya zamana in gari ya waye bai sha ba, hannunsa rawa yake kamar na mai kaɗa kalangu.

Shekara biyu ke nan da aka yi abin da aka yi. Ranar sunan ɗan babban ɗan Hajiya ne, Lawali ya tashi hannu na karkarwa, ya ce bari ya tsotsi leda guda ta tsayar masa da shi. Ta kuwa tsayar. Sai dai yana tsakiyar aski jaririn ya zabura, aska ta shafto shi bisa kunne. Ba wani yanka ba ne mai zurfi, amma jinin jariri a gaban mata arba'in ai ya fi na sa yawa. Hajiya Kaltuma ta taso, ta sunkuyo kamar za ta duba ciwon, ta ja numfashi kusa da bakinsa sau ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zare askar daga hannunsa ta ce:

"Idirisu bai bar ta don ta yanka mini jikoki ba. Ran da hannunka ya dawo, ka zo ka karɓa."

Ta shiga ɗaka ta jefa ta cikin kwalla ta rufe. Kafin azahar labari ya tsallaka daga Birni zuwa Zango, ya riga shi isa gida. Gidajen gado suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Aka bar shi da 'yan ƙauye masu shigowa ran kasuwa, waɗanda ba su san shi ba, yana karce musu kai da rezar kanti a gindin wani dogon yaro.

Abin da ya ƙara wa miyar gishiri, a lokacin an riga an sa ranar 'yarsa Wasila da Nazir, autan Hajiyar, mushen lakwal, wato malamin boko. Mata suka zuba ido su ga an maido kaya. Hajiya ta ce ita ba ta ji warin komai a bakin yarinya ba, aka ɗaura aure. Lawali ya zama surukin gidan da ba ya iya bi ta ƙofarsa.

Wata rana da bazara, zafi kamar a toya ƙwai bisa duwatsun Birni, Lami ta ajiye masa fura ta ƙi tashi. Ta gaya masa Wasila na da ciki wata huɗu. Kafin ya gama murmushi ta ƙara da cewa Hajiya har ta yi magana da wani wanzami daga Garin Malam, mai zuwa da babur.

"Jikanka na fari," in ji ta, "wani ne zai sauke masa gashi kana raye. Kai kana waje cikin 'yan cin goro."

Ya zauna yana kallon hannunsa na dama a kan gwiwa, yana ta rawarsa shi kaɗai kamar ba nasa ba. Can ya laluba aljihu ya fiddo leda biyu ya miƙa mata. Lami ta sha ganin irin wannan tuba, har ta daina ƙirga su, saboda haka ba ta yi guɗa ba. Ta kai su makwarara ta tsiyaye, ta dawo ta ce ya sha furarsa.

Kwanakin farko ba su da daɗin faɗi. Ya yi amai, ya yi gumi har tabarma ta jiƙe, ya rantse wa Lami kiyashi na tafiya cikin fatarsa. Rana ta uku ta tare babur ɗin kabu-kabu ta sa aka kai shi dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, ita tana biye a wani. Majo, babban malamin asibitin, ya duba idonsa, ya yi masa faɗan da ake yi wa yara, ya ce irin wannan ba a barinta kai tsaye ba magani, tana iya kayar da mutum. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya riƙa dawowa. Da ya ji sana'arsa ya ce ya riƙa goge ƙarafansa da alkol, ruwan giyar nan na likita mai kashe ƙwayoyin cuta. Lawali ya ce a yi masa rai, ko warinta ba ya son ji. Zai riƙa dafa su. Majo ya yi dariya ya ce dafawar ma ta fi.

Suma'ila ya zo dubiya da ƙwaryar dabino. Ya ce shi ya ba Lawali mako biyu. Da mako biyu suka cika ya ƙara masa wata guda, kamar mai ba da rance.

Amma fa barin sha daban, dawowar hannu daban. Rawa ta ragu, ba ta tafi ba, kuma akwai abin da Lawali bai gaya wa kowa ba. Idirisu ya koya masa cewa wanzami ba da ido yake aski ba, ba kuma da aska ba, da ƙaramin yatsa yake yi. Kana riƙe da aska da yatsu huɗu, ƙaramin yana kwance a fatar kai. Shi ke jin jijiya ta ɗaure tun kafin kai ya motsa, shi ke ce wa hannu ɗaga. To, wannan yatsan giya ta kashe masa. Shekaru ke nan in ya ɗora shi a kan mutum, kamar ya ɗora shi a kan icce. Ran da ya yanki jaririn nan hannunsa a tsaye yake cik. Yatsan ne bai ji komai ba.

Da ruwan farko ya sauka Lami ta aika ƙauyen Gaffati wajen danginta aka kawo mata irin duma, ta shuka a gindin danga. Maƙwabta suka ɗauka ƙwarya take so ta fafe. Ita kuwa ta tuna wani zance da surukinta Idirisu ya taɓa yi, cewa da ɗanyen duma ake koya wa ɗan wanzami aiki. Ɗanyen duma yana da wani gashi mai laushi kamar na jariri, fatarsa kuma ba ta rufa asiri: ko yaya aska ta taɓa ta sai ta yi hawaye, gobe wurin ya yi baƙi.

Da duma ya fara 'ya'ya, kullum in Lawali ya dawo masallaci da safe sai ta tsinko guda ta ajiye masa. Na farko da ya aske ya fito da zane kamar fuskar Babarbare. Lami ta rataye shi a danga. Na biyu ma ta rataye, na uku ma. Mata masu shigowa aron turmi suka ga duma jere duk da tabo, suka fita suna cewa Lawali ya bar giya ya kama hauka, yanzu kabewa yake yi wa aski, sauran ya raɗa mata suna. Ya ji, ya kuma yi dariya, wadda Lami ta ce rabon da ta ji irinta tun Wasila na goye.

Ana cikin haka wasu abubuwa suka riƙa dawo masa ba sallama. Wata rana yana cin tuwo ya tsaya ya tambayi Lami ko ta sake daddawa. Ta ce daddawar nan ce dai da take sa masa shekara goma sha biyar, yau ne harshensa ya dawo daga tafiya. Ya fara cinye malmala biyu. Wuyan rigarsa da ke lilo ya cika. Ya gano ashe liman na da murya mai daɗi da asuba, ashe kuma maƙwabcinsa ya yi sabon bene bai lura ba. Hira ta dawo tsakar gidan. Sai ga shi yana tsinke mata zogale suna gulmar mutanen unguwa, har takan ce ya rage mata, aikin mata ne.

Cikin watan da gero ya fara fitar da kai, wata safiya ya ɗora yatsa a kan duma sai ya janye da sauri. Wani abu ya sosa shi. Ya mayar a hankali. Gashin ne, ɗaya-ɗaya, yana jin su suna kwanciya ƙarƙashin yatsan, har da sanyin raɓa. Ya daɗe a haka bai taɓa reza ba. Lami ta leƙo daga madafa ta ga ƙato da gemu yana shafa duma hawaye na bin kuncinsa, ta koma ta ci gaba da hura wuta kamar ba ta gani ba. Duman ranar ya fito sumul, ba ɗigo ko ɗaya. Wannan ba ta rataye shi ba, ɗaka ta kai.

Wasila ta sauka da kaka, namiji. Ran suna Lawali ya sa farar riga, ya ɗauki zabirar tsohonsa da ƙahonni a ciki, Lami ta naɗe masa ɗanyen duma guda a tsumma. Ya zauna can gefen tabarma a ƙofar gida cikin maza, aka raba goro da dabino. Da liman ya yi addu'a aka sanar da suna, sai ya ji an ce Idirisu. Nazir ya sunkuyar da kai don kunyar suruki, amma kowa ya san ba shi ya zaɓa ba, a gidan nan ba a raɗa suna Hajiya ba ta sa baki ba.

Nan take hannun Lawali ya ɗauki rawa, rawar da ya manta da ita wata biyu. Sunan tsohonsa, a kan jikansa, ga kuma babur ɗin wanzamin Garin Malam a jingine jikin bango. Ya tashi ya zagaya lungu don kada a gani. Suma'ila, wanda ba a gayyata ba amma ba ya rasa gidan da aka yanka rago, ya biyo shi. Ya dubi hannun, ya girgiza kai, ya zaro leda daga hularsa. Kuma don Allah ba da mugunta ya yi ba, shi a ganinsa taimako ne.

"Rabi kawai, Wanzam. Kai ka san za ta tsayar da shi. Ka tauna goro a kai, wa zai ji?"

Lawali ya sani sarai gaskiya ya faɗa, za ta tsayar. Bakinsa har ya kawo miyau. Ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya ɗaga ƙaramin yatsansa a gaban hancin Suma'ila.

"Za ta tsayar da huɗu ta kashe wannan. Wata biyar na yi ina jinyarsa. Mayar da abarka."

Ya juya ya yi sallama a zaure, ya ce a gaya wa Hajiya ɗan Idirisu ya zo karɓar ajiyarsa.

Tsakar gida cike take da mata, ana gyaran kayan ciki, ana daka. Da ya shigo tabarya ta tsaya a sama. Wasila na ɗaka, an ce da ta ji muryarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wanzamin Garin Malam na zaune a kan kujera 'yar tsugune ya riga ya buɗe jakarsa. Hajiya Kaltuma na bisa darduma da jaririn a cinya, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau don ciwon kan da ke damunta.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce ya matso, ya matso. Ta ce ya ƙara, kunnenta ya yi nauyi. Kowa ya san ba kunne ba ne, hanci ne. Ta sa ya maimaita gaisuwar sau biyu tana shaƙa, sannan ta ce to, baki dai ya wanku, saura hannu. Ya kwance tsumma ya fiddo duma, ya fara bayanin zai aske shi a gabanta ta gani. Mata suka fashe da dariya. Hajiya ta bari suka gama.

"Duma na kuka? Duma na harbi da ƙafa? Wannan mijina ne sabo fil, ban ko gama kallonsa ba, ba zan ba ka kansa don ka iya aske kayan miya ba." Ta miƙa wa ungozoma jaririn, ta aika aka ɗauko mata kwallar. "Shekara biyu ban yi ƙaho ba, kaina kamar zai rabe, don ban yarda da hannun kowa a ƙeyata ba. In kana so ka taɓa nasa, fara da nawa."

Surukanta mata suka yi caa, wai Hajiya ta rufa musu asiri, ranar suna ce, ga baƙi. Ta ce ita da Allah ya nufa ta haifi ubannin gidan nan ba wanda zai hana ta ƙaho a tsakar gidanta. Ta juya baya ta ɗage ɗankwali daga ƙeya, ga furfura, ga fatar wuya ta tsufa ta yi ninki-ninki, irin wadda ko wanzami mai lafiya yake jin tsoro.

Lawali ya karɓi askar. Ta yi ɗan tsatsa a gindi. Ya wasa ta a fata, ya roƙi tafasasshen ruwa ya tsoma ta, ya kuma tsoma hannuwansa a mai ɗumi kamar yadda tsohonsa ke yi. Rawar ba ta gama barinsa ba, kowa na gani. Ya shafa sabulu, ya yi bisimilla, ya kwantar da ƙaramin yatsa a ƙeyar tsohuwa. Ya ji ɗuminta. Ya ji jijiya na bugawa a hankali. Sai sauran yatsun suka natsu suka bi shi, kamar awaki sun ga jagora.

Aska ta fara tafiya, furfura na zuba bisa zane. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai man da ke ƙara a kasko. Ya kai rabi, yana daidai kan ninkin nan mafi wuya, sai ya ji wuyan ya ɗaure ƙarƙashin yatsansa. Ya ɗaga. A daidai lokacin Hajiya ta saki wata atishawa da ta girgiza ta har kafaɗa, kanta ya yi baya da ƙarfi. Wata mata ta yi salati. Aska na sama, tsakaninta da fata kamar faɗin tafi.

Hajiya ta shafa ƙeya ta duba hannu, ba komai sai kumfa. Ta ce sanyin ruwan ne ya sa ta. Ruwan da ke tururi. Ya ci gaba, bai yi nisa ba ta sake zabura, wannan karon ko atishawar ba ta wahalar da kanta ta yi ba. Nan ma aska ta riga ta tashi. Lawali ya ce, cikin ladabi, in Hajiya ta gama wasa zai kafa ƙaho. Ta ce ɗan Idirisu ya yi baki.

Ya kafa mata ƙaho biyu, ya yi tsaga siriri, ya zuƙe, ya goge. Ta murɗa wuya hagu da dama, ta ce rabonta da ganin duniya da haske haka tun kafin a yi auren Nazir. Ta dubi wanzamin Garin Malam ta ce a sallame shi da cikakken rabonsa har da ƙafar rago, bai yi laifin komai ba. Shi kuwa mutumin kirki ne, ya rufe jakarsa, amma ya ƙi tafiya, ya ce zai tsaya ya ga yadda ake ɗora yatsan nan.

Aka sake dafa aska. Ungozoma ta zauna ta tallafe jaririn, Lawali ya dube shi ya kasa kiran sunansa, ya ce, "Baba, sannu da zuwa, kawo kan." Yaron ya yi kuka, ya yi harbi, ya murɗe kamar kifi, sau nawa ne ma aska na tashi tana sauka. Da aka gama kan ya fito sumul yana ƙyalli, ungozoma ta juya shi gaba da baya a gaban tsofaffi, ba ko ja. Guɗar farko daga bakin Lami ta fito, wadda ba wanda ya san lokacin da ta baro wajen daka ta zo ta tsaya bayansa. Sauran suka kama, har maza a waje suka aiko a ji ko lafiya.

Kafin ya haɗa zabira mata uku sun riga sun gaya masa watan haihuwar surukansu. Ya naɗe askar a tsumman da ya kawo duma ya sa a aljihun gaba, inda ledoji ke zama da. Duman kuwa Hajiya ta ce a bar mata. Ta jefa shi cikin kwallar ta rufe, ta ce kwallarta ta saba da ajiya, kuma kada ya manta watan gobe ƙeyarta na jiransa.